Gaisuwar Ɗan Alhaji a Rediyo

Bayan na ajiye aikin koyarwa na koma zaman gida a Gyaɗi-Gyaɗi, Allah ya haɗa ni da wasu samari 'yan kwalejin horon malamai, waɗanda suka mai da dakalin ƙofar gidana majalisarsu. Asali karatu ne ya kawo su. Sukan zo bayan la'asar mu biya ɗan abin da ya sawwaƙa na fiƙihu, wanda yake sha'awar ajami kuma in kama masa hannu. Amma ina da wata 'yar rediyo da nake ajiyewa a gefen buzu, kuma da zarar an fara labaran jiha da na ƙananan hukumomi, sai ka ga kowa ya sa yatsa a tsakiyar littafinsa ya rufe. Daga nan karatu ya tashi ke nan, sai musu.

Ba abin da ba sa tankawa. In an ce za a yi gada, wani ya ce magudanar ruwa ta fi gada amfani, wani ya ce ai wanda bai taɓa maƙalewa a cunkoson titin gidan Zoo da azumi a bakinsa ba shi ne zai faɗi haka. In an ambaci tallafin karatu, sai su yi tsit su saurara, a gama su kwashe da dariya, kowa yana tambayar ɗan'uwansa ko shi ya gani a hannunsa. Nakan bar su. Na lura duk surutun nan a ƙarƙashinsa tsoro ne, domin kowannensu ya san in ya gama karatu, ofisoshin da yake zagi su zai bi yana neman aiki.

Biyu daga cikinsu na fi shaƙuwa da su. Ɗaya Kirista ne, iyayensa mutanen Filato, amma a Tarauni aka haife shi. Shi ba fiƙihu yake zuwa ji ba, ajami yake koyo, wai don ya riƙa karanta abin da ke rubuce a bayan motoci. In musu ya yi zafi aka nemi bakinsa, sai ya ɗaga hannu ya ce shi baƙo ne, 'yan gari su yi abinsu. Su kuma su ce ina aka taɓa ganin baƙon da ya fi mai unguwa sanin lungunan Daurawa. Ɗayan kuwa ɗan maƙwabcina ne, maƙwabcin da a nan zan riƙa kira Alhaji kawai. Ɗan nasa yaro ne mai kaifin baki da ladabi, abu biyun da ba kasafai suke haɗuwa ba.

Alhaji ma'aikaci ne a sashen ilimi na wata ƙaramar hukuma da ke bayan gari. Ofishinsa a bakin titi yake, mota ɗaya ke kai shi, kuma kafin magariba ya dawo, muna sahu ɗaya a masallaci. Wannan kusancin shi ne rufin asirinsa, domin yana fama da ciwon suga da na gwiwa, kuma abin da ya rage masa ya ajiye aiki ba shi da yawa. Ƙaramar hukumar tana da ƙauyuka can ƙurya, inda in damina ta kankama hanya ke yankewa, kuma kowa a ofishin ya san can ake tura wanda ya ɓata wa na sama rai. Alhaji ya kwashe shekaru yana takatsantsan don kada sunansa ya faɗa can.

A wata makarantar firamare ta wannan ƙaramar hukuma aka tura ɗan nasa koyon aikin koyarwa. Bai daɗe da dawowa ba, wata ranar muna zaune, rediyo ta ce hukumar ta kammala gyaran ajujuwa ta kuma zuba bencina a dukkan makarantunta. Yaron ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce bangon da ke kallon titi aka shafa wa fenti, ciki kuwa yara a kan buhu suke zama, kuma in hadari ya haɗo tashinsu ake yi, don rufin ajin da ya koyar a ciki rabinsa iska ta kwashe. Ya faɗi wannan a dakalina, aka yi tsaki, aka wuce.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wani ma'aikacin gidan rediyo da na'urar ɗaukar magana, yana bin unguwanni yana jin ra'ayoyin jama'a. Ya hango samari da littattafai, ya yi sallama, ya ce ɗalibai yake nema su faɗi yadda suke ganin labaran da ake bayarwa game da makarantu. Ya tabbatar musu ba za a ambaci sunan kowa ba. Ɗan Filato ya ja baya ya jingina da bango. Wasu suka ɗan taɓa, magana sama-sama. Da aka zo kan ɗan Alhaji, ya gyara zama ya yi bayani tiryan-tiryan, ba zagi ba ɗaga murya. Ya faɗi fentin, ya faɗi buhunan, ya faɗi rufin, ya roƙi hukuma ta je ta gani da idonta. Ni da nake gefe na ji daɗin yadda ya tsara maganar.

To, mu nan muna da wata ɗabi'a da muka tashi da ita. Duk wanda aka miƙa wa abin magana a rediyo, ko farashin tumatir aka tambaye shi, ba ya sauka sai ya yi gaisuwa. Rashin yin ta kamar ka shiga gida ne ka wuce iyayenka a tsakar gida ba ka durƙusa ba. Yaron nan tun yana goye yake jin ana yi, kuma ranar ce ranarsa ta farko. Yana rufe bayaninsa, ko numfashi bai ja ba, ya ce yana gaida mahaifinsa Alhaji wane na sashen ilimi a ƙaramar hukuma kaza, da mahaifiyarsa Hajiya, da malaminsa na Gyaɗi-Gyaɗi, da dukkan 'yan majalisar dakali. Abokansa suka yi tafi. Ni ma na yi murmushi na sa masa albarka. Babu wanda abin ya dama a cikinmu.

Sai da mutumin ya hau adaidaita ya tafi ɗan Filato ya ce, a hankali, "Kai, ka san abin da ka yi kuwa? An ce ba za a faɗi sunanka ba, kai ka faɗi na babanka da ofishinsa."

 Wani ya ce ai za su yanke, ba sa saka komai da komai. Muka riƙe wannan muka kwantar da hankalinmu. Amma gidan rediyo ba ya yanke gaisuwa, domin waɗanda aka gaisar su ne masu kunna rediyon gobe. Aka saka maganar ɗungurungum, aka kuma maimaita ta washegari.

Da farko a cikin gidan Alhaji murna aka yi. 'Yan'uwa suna ta buga wa Hajiya waya, an ji ɗanta a rediyo, har ya gaishe ta. Alhaji kuwa ya zo magariba ya tsaya kusa da ni kamar kullum, aka sallame, ya daɗe a zaune yana jan carbi. A hanyar gida ya ce mini a ofis babu wanda ya yarda yaron da idonsa ya gani. Kowa cewa yake uban ne ya zauna ya karanta masa, ya tura shi ya faɗi abin da shi ba zai iya faɗa ba. Ba a yi mako ba aka sanar da shi cewa ya shirya, za a mai da shi ɗaya daga makarantun ƙurya.

Ya roƙe ni in raka shi ban-haƙuri gidan shugaban sashensu, wanda yake zaune a Tarauni. Muka je ranar Asabar da hantsi. Mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, ya ce shi ya san Alhaji ba mai fitina ba ne. Sai dai maganar ta wuce hannunsa, na sama sun ji, kuma sun ji da sunan ofis a ciki. Na yi ɗan abin da zan iya na tunatarwa game da rashin lafiyar Alhaji da shekarunsa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce hanya ɗaya ya gani. Yaron ya je gidan rediyon ya ce ya sake zuwa makarantar ya tarar an gyara, kuma abin da ya faɗa a baya ƙuruciya ce. In aka ji haka, shi zai san yadda zai yi a bar Alhaji a inda yake.

A cikin adaidaita, da muka kusa gida, Alhaji ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Malam, don Allah kada yaron nan ya ji wannan." Na yi masa alkawari, na kuma cika. Amma shi Alhaji ya gaya wa Hajiya, ita kuwa da ta ga an fara maganar katifa da risho da inda za a riƙa ajiye allurar suga a garin da ba wuta, ta kasa riƙewa, ta gaya wa yaron.

Yaron ya same ni ni kaɗai, kafin sauran su zo. Ya tsuguna nesa da buzu, bai buɗe littafi ba. Ya tambaye ni hukuncin wanda ya yi ƙarya don ya ceci mahaifinsa daga wahala. Na gaya masa abin da na sani. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma wannan ba ƙaryar sulhu ba ce tsakanin mutum biyu, domin akwai yara a kan buhu waɗanda maganar ta shafa. Na kuma gaya masa haƙƙin mahaifi ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga wanda zai zarge shi don zuciyarsa ta karye ba. Na ce ya yi istihara, ya kuma zauna da mahaifinsa su yi magana.

Ya ce, "Malam, Baba ba zai ce in je ba. Kuma ba zai ce kar in je ba. Tun ranar ko kallona bai yi ba."

Da sauran suka zo maganar ta fasu, aka yi musun da ban taɓa jin irinsa a dakalin ba, don wannan karon ba dariya. Wasu suka ce in ya janye ya zama ɗaya da masu shiga rediyo a biya su su yabi 'yan siyasa, waɗanda kullum a nan ake yi musu ba'a. Wasu suka ce baki ne kawai, duk wanda ubansa ne da tuni ya je. Wani ya ce ai ko ya janye ko bai janye ba rufin nan ba gyara shi za a yi ba, to me ya rage. Ɗan Filato ne kawai bai ba da shawara ba. Ya ce shi mahaifinsa tun yana ƙarami yake gaya masa ya riƙa kama bakinsa, kuma kullum haushin wannan yake ji, yau kuma ya rasa haushin wa zai ji. Ɗan Alhaji yana zaune yana jin su, yana tona ƙasa da tsinke.

Bayan kwana kaɗan muka ji shi. Muna zaune bayan la'asar, ɗan Alhaji ba ya nan, sai ga muryarsa a rediyo. Ya ce ya koma makarantar ya ga aiki ya yi kyau, ya gode wa shugabannin ƙaramar hukuma bisa kulawarsu da ilimi, ya nemi afuwa a kan gaggawar da ya yi. Muryar tasa ce, amma a daddafe take fita, kamar mai biya karatun da bai haddace ba. Ba wanda ya yi tsaki. Ɗaya daga cikinsu ya miƙa hannu ya rage sautin, aka buɗe littattafai, muka yi karatun da ya fi na kowace rana tsawo.

Shugaban sashen ya cika maganarsa. Aka bar Alhaji a ofishinsa na bakin titi, ya ci gaba da dawowa kafin magariba har ya ajiye aiki lafiya. Yaron ya ɗan ci gaba da zuwa karatu, amma sai an kusa tashi, ya gaishe ni, ya biya nasa ya tafi. Abokansa ba su taɓa goranta masa a gabana ba, sai dai wasan da ke tsakaninsu ya mutu. Da suka gama kwaleji kowa ya kama gabansa. Shi ɗan Alhaji ya samu koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta wajen Daurawa, kuma ina jin labarin yana da ƙoƙari.

Ni da Alhaji ba mu taɓa tayar da zancen ba, sai wata rana da muka dawo daga jana'iza a ƙafa, muna tafe a hankali saboda gwiwarsa. Ya tsaya ya dafa wani bango yana hutawa. Ba tare da na tambaye shi ba ya ce, "Malam, wallahi ban aike shi ba." Na ce na sani, Alhaji. 

"Amma ranar da ya tafi gidan rediyon ina ɗaki," in ji shi. "Na ji yana tambayar uwarsa inda ta ajiye masa hula. Na san inda za shi. Na ji ya buɗe ƙofa, ban kira shi ba."

Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ce amin, ya saki bangon, muka ƙarasa gida.