Kwalin da Nuhu ya bari a aljihu

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Nuhu, Allah Ya jiƙansa, amma sai a watan jiya na gane darasin ƙarshe da ya shirya. Ba abin alfahari ba ne. 'Yan aji biyu na ƙaramar sakandare aka shirya wa darasin, ni kuwa na haura hamsin.

Ni maɗinki ne, aikin babbar riga nake yi a zauren gidanmu da ke Kwarbai, inda mahaifinmu ya yi nasa. Nuhu ya iya allura, amma boko ya ja shi, ya zama malamin kwamfuta a wata makaranta ta wajen Ƙofar Doka. Abin da yake koyarwa, kamar yadda ya sha yi min bayani ina hamma, shi ne yadda yaro zai jera umarni a kwamfuta tamkar tubala, wannan kan wancan, sai hoton akuya ko mota ya motsa yadda aka ce masa. Matsalar ita ce kwamfuta uku gare su, aji cike maƙil, wuta kuma sai ta ga dama.

Sai ya koma yankan kwali. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai zauna gefena, ya ɗauki almakashina ba ko sallama, ya yi ta yanka kwalayen taliya yana rubutu a kansu: yi taku uku, juya dama, maimaita. A aji yara su jera su a ƙasa, ɗaya ya zama akuya, ya bi abin da aka jera ba ƙari ba ragi. Na sha tsokanarsa cewa ana biyansa albashi don ya mayar da 'ya'yan mutane awaki. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, aikin Baba ne fa na sake wa riga." Ban taɓa tambayarsa me yake nufi ba. A raina wasa na ɗauki aikinsa, shi ma ya san haka, kuma wannan ne abin da ya fi ci min rai tun da ya tafi.

Wata Juma'a ya yanka kwalayensa, ya jera, ya soke su da zarena, ya rubuta "Litinin" a bayan na sama. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, bai ga Litinin ɗin ba. Da aka raba kayansa na sami wani shuɗin kaftani da ya riga ya goge don zuwa aiki, da akwatin kwalayen da babu mai so. A aljihun kaftanin na tarar da guntun kwali ɗaya. Maɗinki ba ya yar da kwali, don haka na naɗe zare a jikinsa na jefa cikin kayan aiki.

Yanzu abubuwa sun canza. Autata Ummi tana aji biyu, makarantarsu na da wutar sola, da yatsa take jan tubalan nan a allon kwamfuta. Har ta nuna min wani abu a waya da za ka gaya wa abin da kake so, nan take ya jera maka komai. Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da Nuhu zai ce. Zai yi murna an huta da yankan kwali? Ko zai ce an cinye wa yaro tuwonsa an bar shi da wankin kwano? Na san dai ba zai tsine wa abin ba, don shi mutum ne mai son tona cikin komai. Rediyon Baba ma bai tsira daga hannunsa ba.

A watan jiya Ummi ta buɗe akwatin tana neman kwalin wani aikin makaranta. Ta ciro ɗaurin nan na Litinin, ta baje a tabarma, ta karanta tana motsa baki. Can ta ce akwai kuskure a aikin Baba Nuhu. Raina ya ɓaci, na ce mata yaushe aka haife ta da za ta gyara wa malami. Ba ta yi musu ba, ta ce in tashi in zama akuyar. Na leƙa waje na tabbatar babu mai zuwa, sannan na miƙe.

Tana karantawa ina bi. Taku uku, maimaita. Taku uku, maimaita. Ban ankara ba sai ga goshina a bangon zaure.

"Ka gani, Baba? Babu wanda ya ce wa akuyar ta juya. Akwai kwali ɗaya da ba ya nan."

Ina tsaye, hannu a goshi, sai mahaifinmu ya faɗo min a rai. Idan zai koya mana zanen aska takwas na babbar riga, sai ya zana bakwai a jikin yadi, ya miƙo mana, ya ci gaba da aikinsa bai ce uffan ba. Jira yake ya ga wanda zai ƙirga ya tambaya. Kullum Nuhu ne ke tambaya. Ni sai na ɗinke tas, sannan a sa ni warwarewa.

Na jawo kayan aikina na warware zaren da ke jikin guntun kwalin nan. Rubutun ya dushe amma yana karantuwa: "Idan kin taɓa bango, ki juya." Na karanta shi shekara shida da suka wuce ban ga komai a ciki ba. Na gaya wa Ummi a aljihun kaftaninsa na same shi, ta tambaye ni me ya kai shi can. Na ce mata ɓoye shi ya yi, yana jiran yaron da zai lura ya nema.

Ta sa shi a gurbinsa ta ce mu sake. Na yi taku, na isa bango, na juya. Ban so ta ga fuskata ba, sai na ce mata zare ne ya shiga min ido.

Nuhu bai bar gida ba, bai bar mota ba, kwalayensa ma gara ta fara ci. Amma yanzu ina da amsar tambayata. Da ya ga abin nan na waya, zai karɓi aikin da abin ya jera, ya zare guda ɗaya ya sa a aljihu, ya miƙa wa yara sauran ya yi shiru. Ba wasa yake yi ba, na yarda, ko da yake babu hanyar da zan gaya masa. Litinin ɗinsa ta zo a makare da shekara shida, ɗaliba ɗaya ta ci, daƙiƙin ajin kuma ya samu ƙulu a goshi. Allah Ya haskaka kabarinka, Malam Nuhu.