Kwalbar da na ba aminina ajiya

Shekara ashirin da biyu na yi ina kai wa baƙi abinci a wani otal a Jos. A can na san ruwan inabi, don ni ke buɗewa, ni ke zubawa, wasu su sha. Ranar da na ajiye aiki, ogan kicin ya miƙo mini kwalba ɗaya ta jan ruwan inabi. Ya ce inabi iri uku aka haɗa a ciki: ɗaya mai ƙarfi da bauri, ɗaya mai laushi da ke rarrashinsa, na ukun ɗan kaɗan don ƙamshi.

"Yanzu faɗa suke yi," in ji shi. "Ka ba su shekara goma su shirya. A kwance, cikin duhu, inda ba zafi."

'Yata tilo tana ajin farko a sakandare lokacin. A gabanta na ce ba za a buɗe ba sai ranar aurenta.

Matsalar ita ce ɗakina a Laranto bango ɗaya ne da gidan burodi, ko da sanyin Jos gumi muke yi. Sai na kai kwalbar wurin aminina a Anguwan Rukuba, wanda muka yi aikin otal tare, ɗakinsa jingine da dutse, sanyi kamar randa. Duk Kirsimeti ina zuwa dubawa. Ya jawo kwalin da take ciki daga ƙarƙashin gado, ni kuma in durƙusa in goge ƙura. Yakan tsokane ni, wai jaririn nawa ya fara haƙori kuwa? Mu yi ta dariya.

Da auren ya zo, shekara goma cif, na karɓo kwalbar. Bayan an taso daga coci, surukai suka zauna a tsakar gida. Na yafa farin ƙyalle a hannu irin na da, har da ɗan jawabi a kan inabi uku da suka koyi zama tare. Amma ina murza mabuɗi toshin ya fito salin alin, ba gardama. Na tsiyaya kaɗan a kofi na kai hanci. Zobo ne, ruɓaɓɓe, har da funfuna tana yawo a sama.

Na ce wa jama'a kwalbar ta lalace, a kawo lemo. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ja aminin nawa gefe. Shi kaɗai na sani da zai iya mayar da toshi da murfi ba a gane ba, tare muka koya.

"Mutumina, yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Tun shekara ta biyu. Baƙi na yi, ba komai a gida. Amma gaskiya ba ka yi asara ba fa. Abin bauri kamar ɗanyar kanya, sai da muka sirka da lemo ya shawu."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya san aikin kamar yadda na sani, ya buɗe abu bai nuna ba, ya sirka da lemo, yanzu kuma yana ba ni labarin rashin daɗinsa. Da ya faɗa mini tun a lokacin, da na yi fushin mako ɗaya na huce. Shekara takwas ya tsaya a kaina ina durƙusa wa zobo, yana dariya, ni ma ina taya shi. Wannan ne ya ci mini rai, kuma har yau bai bar ci ba.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, ta riƙe hannuna.

"Baba, ko ɗigo ɗaya ba a samu ba?"

Na ce mata ni ne ban iya ajiya ba. Ban faɗa mata gaskiya ba, don aminin nan shi ya goya ta tana ƙarama. Har yau in ta zo gari gidansa take fara kai gaisuwa, kuma ni nake raka ta bakin ƙofa.