Ƙullin Igiyar Sallau

Da kaka, idan an cire gyaɗa an kawo ta gida, mu yara ake bar wa ɓara. Gidanmu yana wani ƙaramin ƙauye a yankin Dutsi, kuma babu wanda ya isa ya tsere wa wannan aiki. Da an ci tuwo sai a zube mana gyaɗar a tabarma a ƙofar ɗakin kakarmu, Iya Tabawa. Ita kuma ta jawo kujerarta 'yar tsugunne kusa da murhu, ta tura kara biyu ko uku cikin sauran garwashi. Wutar ba ta da wani haske, amma ta isa mu ga hannuwanmu. Iya ta san in aka bar bakin yaro ba abin yi, gyaɗar ciki za ta nufa ba ƙwarya ba. Shi ya sa take riƙe mu da tatsuniya.

Ni ne babba cikin jikokinta maza, don haka ni take kira maigida. In na shigo sai ta ce, "Maigida, yau ma hannu na dukan cinya? Ina cefanena?" Ni kuwa a lokacin Allah ya zuba mini tambaya. In tambaye ta sunan wani tauraro, kafin ta buɗe baki na tambaye ta me ya sa jaki ba ya da ƙaho, kafin ta juyo na koma kan wani abin. Wata rana ta ajiye mafici ta dube ni.

"Maigida, kai tambayar kake so, amsar ba ta dame ka ba. Matso, yau taka ce."

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga wata nan tafe, ta sha hanya." Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma."

Wai an yi wani saurayi, Sallau. Ubansa ya rasu ya bar masa awaki goma, da guga, da doguwar igiya wadda babu rijiyar da ta taɓa gagarar ta. Sallau ya ci alwashin sai ya zama makiyayin da ba a taɓa yin irinsa ba. Sai ya kora awakinsa ya shiga duniya neman sanin kiwo. Da yake bai iya rubutu ba, duk wanda ya ba shi shawara sai ya yi ƙulli ɗaya a jikin igiyar don kada ya manta.

Wani ya ce ya riƙa ba su kanwa, ya ƙulla. A gari na gaba wani ya ce kada ya kuskura ya ba su kanwa, ya ƙulla. Wannan ya ce a fita kiwo da asuba, wancan ya ce a bari raɓa ta bushe. Duk ya ƙulla. Iya takan kwaikwayi muryarsa, "Na gode, Baba, na gode!" tana karkaɗa hannu, don wai tun mai magana bai kai aya ba Sallau ya yi ƙullinsa ya yi gaba.

Ana nan bazara ta kama shi a tsakiyar daji. Kwana biyu awaki ba su sha ruwa ba. Can ya iske wata rijiya mai zurfi, ya leƙa ya ga ruwa yana ƙyalli. Ya zura guga. Igiya ta ƙare, guga yana lilo, bai taɓa ruwa ba. Ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannu iya tsawonsa, ina!

Sai ga wata tsohuwa da ɗan tulunta. Ta dubi igiya ta ce, "Ɗan nan, me ya cinye maka igiya haka?"

Ya ce, "Ilimi ne, Iya."

Ta kama ƙulli ɗaya. "To, wannan me ya ce?"

Sallau ya jujjuya ƙullin, ya kasa tunawa. Ta kama wani, shi ma haka. Ashe ko ɗaya bai tuna ba. Ta ce ya kwance su, ya ce ba zai watsar da wahalar shekara guda ba. Suna cikin haka akuya ɗaya ta faɗi. Can wata ta bi ta. Sai da ta uku ta faɗi sannan ya zauna yana kwance ƙulli da haƙori, yana hawaye. Da ya gama ya zura guga, sai ji ya yi tsulum! Bakwai suka sha, suka rayu. Tsohuwar ta ce, "In kana son kiwo, zauna wurina damina ɗaya. Zan gaya maka abu ɗaya. In ka aikata shi ka ga yadda ya yi, sai in ƙara maka wani."

Iya ta tura kara cikin wuta ta ce, "Nan ta sauka, mai son ta ya ba ta ruwa."

Ƙanwata Hinde ta ce, "Iya, to mene ne abu ɗayan?"

"Yo ni na zauna daminar?"

Muka kwashe da dariya. Ni dai a daren abin da ya dame ni awakin nan uku ne, da kuma yadda yara suka yi sati suna kira na Sallau.

Iya ta rasu ina kwalejin horon malamai. Na gama, na sami koyarwa a wata firamare a Daura, na yi aure, tatsuniyar ta kwanta a wani lungu na zuciyata. Da na yi sha'awar haɗa koyarwa da sana'a, sai na faɗa neman ilimin kasuwanci ba ji ba gani. Wayata ta cika da karatuttukan murya, wannan yana koyar da kiwo, wancan yana koyar da yadda ake gina kai. Na shiga zaurukan waya ban san adadinsu ba. Littattafai kuwa na jera su a kan kwaba, kowanne na karanta shafi uku ko huɗu na ajiye. Ko a kan babur abin sauraro yana kunnena. Kuma har ga Allah ji nake ina ƙaruwa.

Wata uku kafin babbar Sallah na ɗaure raguna takwas a bayan gida. Huɗu nawa ne. Huɗu na matata Rabi ne, awakinta da ta daɗe tana tattali ta ba ni na musanya, saboda ta yarda da duk wannan karatu nawa. Na fara da harawa da dusa. Sai na ji wani a waya ya ce a cika su da tsabar masara, washegari na koma masara. Bayan kwana uku wani ya ce tunkuza ce sirrin, na ƙara tunkuza. Sati bai cika ba na sake wani haɗin. Wata safiya na fito na tarar da su sun yi cirko-cirko, ciki a kumbure, ga zawo. Kafin malamin dabbobi ya iso biyu sun tafi, kuma duka biyun na Rabi ne. Rabi ta fito. Ta tsaya ta dube su, ta koma ɗaki ta ci gaba da tankaɗenta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Malamin dabbobin ya ceto sauran. Shi ne kuma ya ce in ina son in koyi turka, wato kiwon ɗaure don ƙiba, in je Babban Mutum in nemi wani dattijo, Baba Sale, wanda ya tsufa a cikin raguna. Na same shi a gindin darbejiya. Na zayyana masa duk abin da na saurara da wanda na karanta, yana ta gyaɗa kai. Da na gaji na yi shiru, sai ya ce, "Malam, da safe kakan zauna ka kalle su?"

Na ce nakan zuba musu abinci in tafi makaranta.

Ya ce, "To ka koma. Cikin rago ba ya son baƙo. In za ka sauya masa ci, ɗan kaɗan za ka riƙa sakawa, har ya saba. Kullum da safe ka zauna ka ga wanda yake tuƙa da wanda ba ya yi. Ka yi sati biyu a haka, ka dawo ka ba ni labari."

Na ce, "Shi ke nan, Baba? Batun kanwa fa, da…"

"Sati biyu, Malam."

A hanyar komawa Daura, ina kan babur, tatsuniyar Iya ta faɗo mini gaba ɗayanta, har da muryarta. Sai da na tsaya a gefen titi na ɗan jima.

Abin da ya ƙara kashe mini jiki, da na isa gida na jawo wani ɗan siririn littafin kiwo na Hausa daga ƙasan tarin nan, wanda na raina saboda ƙanƙantarsa. Maganar Baba Sale tana nan a babin farko. Babin da na tsallake ke nan don ina sauri in kai inda ake maganar riba.

Raguna shida suka kai Sallah lafiya, na kuma mayar wa Rabi biyu daga cikin nawa. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce a kan yawan neman shawara. Yanzu na gane ba haka ba ne. Mutanen da suka ba Sallau shawara ba ƙarya suka yi masa ba, kamar yadda masu karatun wayata ba su yi mini ƙarya ba. Masara tana sa ƙiba, tunkuza ma haka. Kowa ya faɗi abin da ya gani a garkensa ne, ni kuwa ban tsaya na ga komai a nawa ba.

Shi ya sa yanzu in abokan aiki suka ce in ba su jerin abin da za su karanta ko su saurara, ba na ba su jeri. Nakan ce su zaɓi littafi ɗaya a kan sana'ar da hannunsu yake ciki, su karance shi daga farko. Su riƙe shiri ɗaya na rediyo ko na waya, su bi shi har ƙarshe. Sannan su nemi dattijo ɗaya da ya ci wuya a sana'ar, su riƙa kai masa labarin abin da suka gwada.

Wata rana na tafi wa Baba Sale da ɗan littafin nan, na karanta masa babi biyu. Ya saurara ido a rufe, sannan ya ce, "Wannan mai littafin ya taɓa kiwo. Amma batun ruwa bai san zafin ƙasarmu ba, rubuta a gefe, sau uku a rana da bazara." Na rubuta. Tun daga nan duk abin da ya gaya mini na gwada ya yi, a gefen shafi nake sa shi. Bara Allah ya yi wa Baba Sale rasuwa. Littafin yanzu yana hannun mutum na biyar, bangonsa ya sha ɗinki, kuma sharaɗin aronsa ɗaya ne: kowa na iya ƙara rubutu a gefe, amma sai abin da ya gwada a kan nasa ragon.