Baƙo a Gindin Masara

Tsoho Meng yana bakin gonarsa, yana hararar baƙon da jami'a ta turo. Siriri ne mai tabarau, takalmin robarsa sabo fil. Yana murɗa bututun ƙarfe a gindin masara, ya zaro ƙasa, ya tsince saiwa kamar mai cire ƙayar kifi. Wannan hannun bai san fartanya ba, ƙila a saman bene aka haife shi.

Ga shi yana cike ramin, baƙar ƙasa a ciki, jar laka a kai.

Baƙon ya ce, "Kawu, saiwarka ba ta nitsa ba."

Meng ya ce, "Ta fi taka. Tone ramin nan! Shekara arba'in ubana yana baƙanta abin da ka binne."