Malama Sake-Duba Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su gama da barandar tsangayar shari'a, Malama ta riga ta buɗe ɗan ofishinta na ƙarƙashin bene. Ɗalibai kan cika shi har ƙofa, wasu a ƙasa ma suke zama, suna tono shari'o'in mutanen da aka ɗaure ba da hakkinsu ba. Duk abin da suka kawo mata, amsarta ɗaya ce: "A sake dubawa." Da haka sunan Sake-Duba ya bi ta.

Autarta ce kawai ba ta son jin sunan. Ta tashi tana ganin 'ya'yan wasu suna kiran uwarta Mama, su mamaye falo, su cinye abincin da aka ajiye mata. Ranar da aka yaye ta daga makarantar jinya, kujerar Malama babu kowa. Tana gidan yari tare da ɗalibai, wajen wani tela da aka yi wa ɗaurin rai-da-rai kan kisan maƙwabcinsa.

"Mama, ni ma sai an ɗaure ni za ki zo?" in ji Auta.

Washegari Malama ta koma kan shari'ar telan.

Shaidan da ya sa aka ɗaure telan cewa ya yi ta tagar nasa shagon ya hango shi yana kisan. Malama ta tura ɗalibai suka tsaya a tagar, ba abin da ake gani sai katanga. Suka nemo maginin da ya yi ta, ya rantse a gaban kotun ɗaukaka ƙara cewa katangar ta riga kisan. Aka sallami tela.

A walimar ritayar Malama, telan ya zo da 'yarsa da ya bari a goye, yanzu ta zama budurwa. Ɗalibai suka kewaye Malama, Auta na can baya riƙe da jaka, ranta na sosuwa. Yarinyar ta matso kusa da Auta.

"Yaya, ke ce 'yarta? Ita ta dawo mini da babana."

Auta ta dube ta. "Aronta na ba ku. Yau zan tafi da abata."

Malama, ke ce uwar waɗanda aka manta a bayan ƙarfe. Mun gode, Allah Ya saka. Ɗalibai, ku riƙe aikin nan da hannu biyu, ku bar wa Auta uwarta.