Rufi Ɗaya, Ƙofa Biyu

Goggo Sauda ta yi shekara sittin a Gulma ba ta taɓa kwana a gidan da aka fara zanawa a takarda ba. Ta haifi tara, ta binne huɗu, ta turara shinkafar da Allah kaɗai ya san yawanta. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, aka maido ɗanta Mujtaba daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ya samu gidan ma'aikata, ya ɗauko ta wai ta huta.

Gidan na zamani ne: gida biyu a manne, rufi ɗaya, kowane da ƙofarsa, ba zaure ba tsakar gida. Mai zanen, don tsimin bulo, ya jingina ɗakin Goggo da ɗakin kwanan maƙwabta. Maƙwabtan kuwa Malam Musaddiq ne, shugaban Mujtaba a ofis, da matarsa Mansura da jaririyarsu.

Kafin mako ya zagayo Goggo ta san lokacin da suke tashi, da abin da ke haɗa su faɗa.

"Inna," in ji Mujtaba, "a nan ba a jin abin da ba a gaya wa mutum ba."

"To kunnuwan hwa, Gulma zan aje su?"

Sai jaririyar ta fara tari, irin mai jan numfashi kamar zakara. Goggo ta san shi, shi ya ɗauke mata biyu. Kwana uku ta daure saboda ɗanta. A na huɗu ta yafa gyale, ta fita titi, ta zagaya, ta yi sallama.

"Ɗiyata, tarin ga ba na jiƙo ba ne. Ku kai ta asibiti yau."

Mansura ta ce, "Goggo, wa ya gaya maki tana tari?"

"Bango."

Mansura ta durƙusa ta yi godiya, har da rakiya.

Washegari a ofis Malam Musaddiq ya tambayi Mujtaba lafiyar tsohuwa har sau uku. Da la'asar aka ji maƙwabta suna jan gado zuwa can ɗakin ƙurya, aka kawo rediyo aka jingina da bangon.

Yanzu Goggo ta san halin da ake ciki a Somaliya. Ko an kai yarinyar asibiti, wannan ba ta sani ba. Kullum da hantsi takan taka turmi ta leƙa ta saman katangar baya, ta duba ko akwai ƙananan riguna a igiyar shanya.