Motar da Aka Hana Atishawa

A hawa na sha ɗaya na wani dogon bene muke a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, inda ko ashana ka ƙyasta sai maƙwabta sun leƙo, amma Kaka ta ce ita ba ta tatsuniya babu wuta. Bayan magariba sai ta kashe fitilar kicin, ta kunna gas a ƙarƙashin tukunyar kunu, ni da ƙanwata Ummi mu raɓe a ƙasa. Daga Bukuru Baba ya ɗauko ta wai ta huta. Ba ta huta ba, mu ma ba ta bar mu mun huta ba.

Baba malamin injiniya ne a jami'a. Ran Asabar kuma sai ya tafi garejin wani tsoho ɗan Caina a Sri Petaling, suna farfaɗo da wata motar tsere da ta girmi Kaka. A gaban injinta akwai abin da yake kira sufacaja, mai ɗura wa inji iska da fetur da ƙarfin tsiya. Wata Asabar ya dawo yana mita: wani ɗan bawul, wato 'yar ƙofar da ke jikin bututun sufacajar, ya dame shi da fashe-fashe, gobe kuma shi zai tuƙa motar a gaban jama'a.

"Ɗaure shi zan yi da waya. Kwana ɗaya ne kawai, boleh," wato zai yiwu, a yaren mutanen ƙasar.

Kaka ta miƙe. Ta ja mu kicin, ta kunna gas.

"Ga ta nan, amma ta yau babu Gizo a ciki," in ji ta.

Wai an yi wani makanike a garin haƙar kuza. Baturensa zai koma gida, ya bar masa jar mota mai zugazugi a hanci, irin na maƙera amma na ƙarfe. Duk sa'ad da wuta ta kuskure hanya ta dawo baya daga cikin inji, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, motar ta yi atishawa. Nan Kaka ta tafa hannu, tas! Ummi ta ƙanƙame ni.

Makaniken yana da mata mai jego. Kullum motar ta yi atishawa jariri ya farka da tsanyara. Matar ta ce, "Malam, in ba za ka rufe wa wannan abu baki ba, ni da ɗana mu tafi gidanmu." Ya san abin da ƙofar take yi, amma yana son matarsa. Ya ɗaure ƙofar da waya.

"Kwana biyu gida shiru, har tana yi masa godiya," in ji Kaka, muryarta ƙasa-ƙasa. "Rana ta uku yana sunkuye a kan injin, wuta ta dawo, ta nemi ƙofa ta rasa. Kun san abin da wuta ke yi in ta rasa ƙofa?"

Ba mu sani ba, ba ma kuma son mu sani. Ta ce zugazugin ya tarwatse, fetur ya kama rigarsa, ya ruga tsakar gida yana ci da wuta, matar tana rungume da jariri ta rasa hannun da za ta kama shi. Ni dai fuskar Baba nake gani a cikin wutar nan. Na fashe da kuka, na ce, "Kaka, ya rayu?"

"Kunu ya nuna," ta ce.

Da na waiga sai ga Baba tsaye a bakin ƙofa. Bai tsawatar mata don ta firgita mu ba. Washegari bai je ko'ina ba, sai da aka samo sabon bawul ya sake taɓa motar.

Na daɗe ina jin haushin Kaka, don na yi wata guda ko tayar babur ta fashe a titi sai na firgita. Sai bayan rasuwarta Baba ya gaya mini cewa shi ne jaririn, kuma shi kansa a kicin ɗin nan ya fara jin yadda mahaifinsa ya mutu. Kaka ce matar, shekara arba'in tana ce masa haɗari ne kawai. Ta san in ta ce masa kada ya ɗaure, zai yi dariya ya kawo mata bayanin littafi. Sai ta tona wa kanta asiri a gaban jikokinta, don ta gwammace ɗanta ya san laifinta da ta binne shi.